Faifai Biyar, Rami Ɗaya

Litinin, 3 ga wata, bayan la'asar

Yaya ta kawo faifan a cikin rigar filo, ta zube mini su a kan teburin cin abinci kamar wadda ta kawo wanki. Faifan ajiya ne guda biyar, irin waɗanda ake jona wa kwamfuta da waya, kowanne bai fi tafin hannu ba. Aikin Baba ke nan gaba ɗaya, shekara arba'in na ɗaukar hoto a shagonsa. Ƙanenmu Auta ne ya kwashe fina-finan kyamarar zuwa kwamfuta kafin ya tafi aiki wani gari. Daga baya ruwa ya shiga ɗakin ajiya ya cinye fina-finan. Abin da ke cikin rigar filon nan shi kaɗai ya rage.

Auta bai sa wa ko ɗaya suna ba. Lambobi ne kawai. Sunayen suna cikin kan Baba.

Yaya ce ta shiga da shi wajen likitan ido. Idon hagu ya riga ya daɗe da tafiya. A kan na dama, ta ce likita ya ce abin da yake so ya gani, ya gani yanzu. Na tambaye ta ainihin kalmomin da ya faɗa. Ta ce, "Ke, ni ba rikoda ba ce." Da ta kai bakin ƙofa ta tuna: wataƙila wata shida.

Abin da Baba yake so bai da wuya. In zauna kusa da shi, in nuna, ya faɗi ko wane ne, in rubuta. Har yau mutane suna zuwa gida neman hoton uwa ko uba da suka rasu, shi kuma yana jin kunyar cewa yana da shi amma bai san inda yake ba.

Wata shida lokaci ne mai yawa idan an tsara shi.

Laraba, 5 ga wata, da safe

Abu na farko da aka koya mana a ɗakin labarai: ba a aiki a kan asali. A kwafa tukuna, a ajiye asalin, sannan a taɓa. Faifan nan sun kwana biyu, ba wanda ya kunna su. Na sayi babban faifai sabo da zai ɗauke su duka.

Matsalar laftof ɗina ce. Ramukan USB biyu gare ta. Na dama mai shuɗin harshe, shi ne mai gudu. Na hagu baƙi ne, tsohon yayi, tafiyar hawainiya. Akwai wani ƙarami kuma, nan caja take shiga. Kwafa daga faifai zuwa faifai tana buƙatar ramuka biyu, kuma gudun na baya ake bi. Jiya da yamma na fara na farko. Kwamfuta ta ce saura awa tara, ta sake shawara ta ce kwana ɗaya da rabi. Yanzu kuma dole in tsayar da shi, in tafi da laftof ɗin ofis.

Alhamis, 6 ga wata, lokacin hutun rana

Baba ya kira. "Edita, yaushe jaridar tamu za ta fito?"

Na ce ana kan gyara. Ya ce, "Ku dai kullum gyara. Mu a zamaninmu mutum ya zauna, mu ce kar ka motsa, shi ke nan."

Asabar, 8 ga wata, da hantsi

Na je layin masu kayan waya. Akwai wani mai shago da kowa yake ce wa Injiniya. Na ce ina so a ƙara wa laftof ramuka masu gudu.

"Hajiya, rami ba a ƙara shi, ai ba gini ba ne. A jikin allon ciki aka manne su. Sai dai a yi masa 'ya'ya."

Ya ciro wata 'yar roba mai ramuka huɗu da gajeriyar waya, hob suke ce mata. Duk harsunan shuɗaye. Na tambaye shi za ta ɗauki faifai biyu a tare.

"Biyu? Ko injin niƙa kika jona mata za ta ja."

Na yi dariya na karɓa. Ni da ba na barin labari ya wuce sai da majiya biyu.

Lahadi, 9 ga wata, da yamma

Na je gidan Yaya ba tare da laftof ba. Baba yana zaune a kujerarsa ta bakin taga. Ya gane ni tun daga takuna, ya ce, "Uwata, shigo," yana kallon gefen kafaɗata. Yaya ta kawo masa shayi, ya miƙa hannu ya wuce kofin, ya dawo ya lalubo shi, yana ci gaba da ba ni labarin maƙwabcin da ya sayi kare mai tsoron kaji. Wayarsa sai ya kawo ta dab da hanci yake karantawa.

Na ce yara suna jirana. Yara suna gidan kakarsu.

Talata, 11 ga wata, kafin magariba

Na jona faifai na biyu da na uku da sabon a kan hob. Fitilu suka kama. Can sai na uku ya fara ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon da batirinsa ya ƙare, ya ɓace daga allo. Na yi tsaye ban taɓa komai ba. Da ya yi shiru na zare shi, na naɗe shi a ɗankwali, na sa cikin durowa.

Na karanta. Irin waɗannan faifan daga ramin suke shan wuta. Rami ɗaya an raba wa uku, ba wanda ya ƙoshi, shi ya sa ƙarfen ciki yake ƙoƙarin tashi yana kasawa. Masana sun ce yawanci ba ya lahani. Yawanci.

Da na kai shi gidan Yaya da abin ya faru a gaban Baba fa? Wannan shi ne amfanin bin ƙa'ida.

Laraba, 12 ga wata, da rana

Na koma wajen Injiniya. Rami mai gudu na gaske yana da ƙarin 'yan ƙarafa biyar can ciki, bayan huɗun gaba. Na haska masa nasa da fitilar waya. Huɗu ne kawai. Shuɗin nan fenti ne kawai.

Ya leƙa, ya sake leƙawa. "Kai, mutanen nan ba sa tsoron Allah. Wallahi Hajiya ni ma haka aka sayar mini, kwali guda." Ya ce in ɗauki abin wuyan waya a madadi, ko abin kunne. Na bar masa hob ɗin a kan kanta.

Na uku ya tashi lafiya da na jona shi shi kaɗai a rami mai shuɗi. Na rufe shi nan take.

Juma'a, 14 ga wata, da safe

Na farko ya gama kwafuwa, ta baƙin rami, a zama huɗu. Na leƙa ciki. Auta ya yi aikin Auta. Hoto ɗaya sau uku, sau huɗu, wani a kife, wani duhu, wani rabin babban yatsansa. Shekaru a gauraye. Na kira shi.

"Anti Edita, ni fa a lokacin budurwa nake nema, ba tarihi ba. Duk faifan da ya cika sai in ɗauki wani in sake daga inda na tuna."

Ma'ana abin da ke cikin na ɗaya yana iya kasancewa a na huɗu ma. Idon nan kaɗan ya rage, ba zan kashe shi a kan hoto ɗaya sau huɗu ba. Sai an haɗa duka biyar wuri guda, a tace, a jera. Sannan a kai masa abu mai tsabta.

Auta ya ce, "Ki kai masa haka nan mana, ai shi ya san kayansa." Wanda ya ɓata aikin shi ne mai ba da shawara.

Asabar, 15 ga wata, da yamma

Ban je ba.

Litinin, 17 ga wata, bayan tashi daga aiki

Abin da na fahimta bayan karatun kwana uku. Akwai manyan akwatunan ƙara ramuka da ke shiga ta ƙaramin rami, masu gudun gaske, amma sai ramin yana da alamar walƙiya a gefensa. Nawa ba shi da ita. Na duba da gilashi, na duba littafin kamfani. Akwai kati da ake zura wa tsofaffin laftof a gefe ya ba da ramuka biyu, tawa ba ta da wannan kafar. Abin da ya rage shi ne hob na gaske mai tasa wutar, wanda ake jonawa a bango, ya ciyar da kowane faifai har ya ƙoshi. Gudun rami ɗaya za su raba, amma faifan nan tsofaffi ne, ba su kai su cika shi ba.

Na kwatanta guda shida. Na karanta ƙorafin mutanen da ban sani ba a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Na zaɓi mai ramuka bakwai, jikin ƙarfe, kowane rami da makunninsa. Babu shi a gari. Sun ce mako guda.

Na ji daɗin karatun nan. Na rubuta don gaskiya ne.

Talata, 18 ga wata, da rana

Yaya ta zo ofis, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ƙi zama. A bakin matakala muka tsaya.

"Na farkon ba kin ce ya gama ba?"

Na yi mata bayanin maimaici, da yadda za a tace.

"Malama, ni ban yi karatunki ba. Jiya ya tambaye ni wa ya canza labulen falo. Labulen nan tun Umma tana da rai yake nan."

Na ce likita ya ce wata shida.

"Likita ya ce wataƙila. Ke kika goge ta."

Na ce idan faifan suka lalace ba mai dawo da su.

"To faifan ne aka kai asibiti?"

Wani ɗan rahoto ya zo wucewa, muka yi shiru muka amsa gaisuwarsa. Ta gyara mayafi ta sauka. Daga ƙasa ta ɗago ta ce, "Tsoron zama kusa da shi kike yi, ki daina ɗora wa waya." Ba ta da hujja.

Alhamis, 20 ga wata, da yamma

Mako mai nauyi a ofis, bugu na musamman. Na mayar wa sabon mai ɗaukar hotonmu hoto mai kyau ƙwarai, wasu mata uku a layin famfo, saboda bai tambayi sunansu ba. Na ce masa hoto ba suna ba ya shiga shafina. Ya ce sun riga sun tafi. Na ce to da ka tambaya suna tsaye.

Na biyu yana tafiya ta baƙin rami. Ya kai rabi aka ɗauke wuta, batiri ya ƙare.

Asabar, 22 ga wata, da hantsi

Baba ya kira. Bai yi zancen jarida ba. Ya tambayi yara, ya tambayi babansu, ya ce ruwan jiya ya shigo ta taga. Sannan ya ce, "Uwata, ko guda goma ne ki zubo a wayarki." Na ce allon waya ƙarami ne, zai wahalar masa da ido, ya bari abin ya iso in sa masa a talabijin, kowace fuska kamar faranti. Ya ce to. Ya ce Allah ya yi albarka.

Ban je ba. Na ce sai da kaya a hannu.

Litinin, 24 ga wata, da rana

Bai iso ba. Sun ce yana hanya.

Laraba, 26 ga wata, bayan la'asar

Ya iso. Mai nauyi ne, sanyi a hannu. Na share tebur, na jera faifan biyar da sabon, na jona, na kunna su ɗaya bayan ɗaya. Fitilu shida, ba mai ƙyaftawa, ba mai ƙara. Abin da baƙin rami yake kwana yana ja, wannan kafin in gama dafa wa yara abinci ya ci rabinsa.

Na ɗauki hoton teburin na aika wa Yaya. Ta gani.

Alhamis, 27 ga wata, da yamma

Na ɗauki hutun kwana biyu, na bar laftof ɗin a gida tana aiki. Duka sun shiga. Babu ko ɗaya da ya mutu, har na ukun. Ko hoto ɗaya bai ƙi buɗewa ba. Faifan nan da sun kai wata shekara biyar ma a haka.

Manhajar tace maimaici ta zubar da kusan rabi. Na juya na kife, na ware masu duhu. Na fara ganin mutanen: malamai, masu jego, ɗalibai da kwalinsu, wani da rediyo a kafaɗa. Baba ya iya haske. Ban taɓa lura ba, ni da nake zaɓen hoto kullum.

Lahadi zan kai. Gobe in gama jeri.

Juma'a, 28 ga wata, da hantsi

Yaya ta kira. Suna asibiti.

Asabar, 29 ga wata, da yamma

An sallami Baba. Ya tashi jiya ne ya ce wa ya cika ɗaki da hayaƙi. Likita ya yi bayani, wannan karon ina tsaye, na ji kowace kalma, ba zan rubuta su ba. Ya ce a jira a gani ko zai washe. Na tambaye shi kashi nawa cikin ɗari. Ya dubi Yaya.

A mota ba wanda ya yi magana sai Baba. Ya ce yana ganin haske da inuwa, ba laifi. Ya ce, "Edita, an ce injin naki ya zo. Gobe ki kawo. Talabijin ɗin yayarki ai bango guda ne, ko makaho ya gani." Shi kaɗai ya yi dariya.

Yaya ba ta ce mini komai ba. Da ta wanke ni tas da na fi so.

Lahadi, 30 ga wata, bayan azahar

Na kai faifai ɗaya kawai, sabon, domin komai yana ciki. Hob ɗin ma na bar shi a gida, ba a buƙatarsa.

Yaya ta ja labule, falo ya yi duhu. Muka matso da kujerarsa har gwiwarsa ta kusa taɓa teburin talabijin. Ya sa hularsa mai kyau. Na jona laftof da talabijin, na buɗe na farko: wani mutum tsaye da keke, fari da baƙi, ya cika allon, har wayoyin tayar ana ƙirgawa.

Baba ya gyara zama, ya goge gilashi da bakin riga, ya mayar.

"To, Uwata, kunna mana."

Yaya ta tashi ta shiga kicin, ta buɗe famfo.

Na ce, "Yana ɗauka, Baba. Wayar ce." Na sunkuya ina taɓa wayar da ba abin da ya same ta.

Ya jira. Sai ya miƙa hannu a hankali har tafinsa ya kwanta a kan allon, daidai kan sirdin keken. Ya bar shi nan.

"Da ɗumi," ya ce. "A kunne yake, ko?"

Na ce eh.

Ya ce to. Ya cire gilashin ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce a buɗe labule, duhun ba shi da amfani.

Litinin, 1 ga sabon wata, da safe

Auta ya kira yana kuka. Ya ce laifinsa ne da bai sa suna ba tun farko. Na ce masa ba nasa ba ne. Ya jira in ƙara wani abu.

Talata, 2 ga wata, da yamma

Baba ne ya sa Yaya ta kira ni. Ya ce in zo da injina, jarida ba ta fasa fita don edita ya yi mura.

Muka zauna a bakin taga, laftof a cinyata. Ya ce in faɗa masa abin da nake gani. Na koma kan mai keke. Na ce namiji ne, matashi, dogo, da farar riga.

"Kin faɗi rabin gari. Wane labule ne a bayansa?"

"Mai zanen bene da itatuwa."

"Shekarun farko ke nan, kafin ɓera ya ci shi. Keken, da ƙararrawa biyu?"

Na duba. Biyu ne.

Ya buga cinya. Ya faɗi suna, har da na uba, da unguwa. Ya ce masinjan kotu ne, ranar da ya sayi keken ya turo shi har cikin shago ya ce shi da keken za a ɗauka, in ba wuri a ɗauki keken. Yaya tana jin mu daga kicin ta yi dariya. Na rubuta. Na yi kuskure a sunan, na gyara.

Haka muka yi ta yi. Mai rediyo a kafaɗa ya fito. Tela da ya zo da almakashi a aljihun gaba ya fito. Wata malamar asibiti da ta ƙi cire agogon ƙirji, wasu tagwaye da aka ba su lema ɗaya. Duk wanda ya zo da wani abu a hannu, Baba yana riƙe da shi.

Amma yawancinsu da fuskarsu kawai suka zo. Su ne suka fi yawa, nesa ba kusa ba. Na gwada. Na ce goshi mai faɗi, na ce ido a lumshe, na ce kamar tana so ta yi dariya an hana ta. Ya saurara da gaske, kansa a karkace, ya ce, "Ƙara." Na ƙara. Ya girgiza kai. Duk shekarun nan ina cin abinci da kalmomi, ashe ban iya faɗin fuska ba. Shi kuwa kallo ɗaya ya ishe shi, ko a allon waya.

Waɗannan labule kawai muke samu, wato zamani. Na rubuta zamanin, na bar gurbin suna.

Ya gaji wajen la'asar amma ya ƙi tashi. "Na gaba," ya ce.

Na danna.

"Har ya zo?"

"Ya zo."

"Kai. Abin naki fa yana da gudu, Uwata. Kin gyara shi da kyau."

Na ce eh, Baba. Mace ce, a zaune, labule mai fure. Ba ta riƙe komai ba.